Daga Fagen Kokawa zuwa Bakin Sikeli: Mazan Jiyan Ƙasar Magarya

[Kiɗan gangar kokawa, sannan ya lafa]

Jama'a masu saurare, na Guci da Malawa da Dogo-Dogo, na Dungas da Washa da Bande, har da 'yan'uwa na Babura da Maigatari waɗanda iska ke kai wa muryarmu ba tare da ta tsaya a kan iyaka an buga mata hatimi ba.  Shirinmu na yau a kan wasu dattawa ne da suka kusa ƙarewa a cikinmu: mazan jiya, tsofaffin sojojin Faransa, waɗanda a ofis ake ce wa ansiyan kombatan.

Bari in fara da wanda na sani. Ba zan kama sunansa ba, iyalinsa na nan da ransu, kuma mu yaran unguwa ma ba mu taɓa kiransa da suna ba, Baba Soja kawai muke cewa. Rumfarsa tana bakin kasuwa a gindin wani gawo, da sikelin rataye mai ƙugiya, da tiya biyu, da adakar ƙarfe wadda yake zama a kai. In ka miƙa masa hannu ba tafinka yake kamawa ba, wuyan hannu yake riƙewa, kamun 'yan kokawa, ya ɗan jijjiga ka ya ce, "Kai jikana, wa ke cinye maka tuwo?" A lokacin gemunsa ya yi fari fat, amma sai ka ji kamar an ɗaure ka da igiyar rijiya. Lissafi kuwa da Faransanci yake yi a ƙasan maƙoshi, sannan ya faɗa maka jimilla da Hausa, dala kaza, jika kaza.

Wannan kamun shi ya kai shi soja. Tun 1919 Faransa ta kafa dokar ɗibar samari aikin soja na shekara uku a ƙasashen da take mulka a yammacin Afirka. Rabon Nijar bai kai na Mali ko Burkina ta yau ba, amma an ɗiba. Bayan kaka sai kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa masu gari, a tara samari. Likitan Nasara ya auna ƙirji, ya duba haƙora da idanu, ya sa mutum ya tsuguna ya tashi. Ramammu da masu tari su koma gida. To wa zai rage? Wanda ya kwashe kakar nan yana kayar da maza a dandali, 'yan mata na masa guɗa. Wasu iyayen, da sun ji ƙishin-ƙishin, sai su sa ɗansu ya kwana a ƙasar Daura ko Gumel, tunda iyakar da Turawa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ba ta hana ƙafa wucewa. Wani malami Ba'amurke, William Miles, wanda ya koyar a Magarya, ya kwatanta Yekuwa tamu da Yardaji ta ƙasar Daura a littafinsa na 1994, ya tarar tsofaffin garuruwan biyu sun haɗu a kan cewa mulkin Faransa ya fi na Ingila zafi.

A tsallaken iyakar, wasu 'yan wasa ta ƙofar makaranta suka shiga soja. Yakubu Gowon mai tsaron gida ne kuma ɗan dambe a Kwalejin Barewa ta Zariya kafin ya sa kaki a 1954, ga shi ya cika shekara 90 a 2024. Theophilus Danjuma shi ne kyaftin ɗin 'yan wasan kurket a makarantarsu ta Katsina-Ala, ya bar karatu a Zariya a 1960 ya shiga soja, ya jagoranci dakarun da suka kama Enugu a 1967, da ya yi ritaya a 1979 ya kafa kamfanin jiragen ruwa. Mu nan, ranar da muka samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Filin wasan samarinmu rairayin bayan gari ne, rigar wasansu walki da guru da laya. Babu wanda ya rubuta kayen da Baba Soja ya yi. Takobin kokawa na ƙasa sai a 1975 aka fara shi a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka, kuma shugaban da aka fara a zamaninsa, Seyni Kountché, shi ma tsohon sojan Faransa ne da ya yi Indocin da Aljeriya. Yau filin kokawar Damagaram sunan zakaran kokawa Langa-Langa yake ɗauke da shi. Zakarun da suka riga shi da shekara talatin, da yawansu jirgin ruwa ya kwashe.

[Kiɗa, gajere]

Ku dubi ikon Allah a Yaƙin Hitila. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 gwamnatin Faransa da ke mulkinmu tana tare da ɓangaren da ya miƙa wuya ga Jamus, Najeriya kuwa tana hannun Ingila. Wato hanyar Magarya zuwa Babura ta zama tsakanin abokan gaba biyu, alhali surukai ne a kowane gefe. Hausawan can aka kai su dajin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 su yaƙi Japan, har yau ga barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna suna tuna wannan tafiya. Sojojin Afirka na Faransa kuwa suna cikin waɗanda suka sauka gaɓar kudancin Faransa ran 15 ga Agusta 1944. Da sanyi ya matso, aka janye baƙaƙen, aka ba fararen samari kayansu su ƙarasa. Ran 1 ga Disamba na shekarar, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojojin da suka fito daga kurkukun Jamus suka nemi a biya su haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35. Masu binciken tarihi da dama sun ce ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan gilla.

Baba Soja bai riski wannan ba, shi ɗan sahun baya ne. Da shekarunsa uku suka cika ya sake sa hannu, aka kai shi Indocin, Biyetnam ta yau, inda Faransa ta sha kaye a Diyan Biyan Fu a 1954, daga nan Aljeriya. Ba ya ba da labarin faɗa. In muka matsa masa sai ya ba mu labarin shinkafa: wai ya ga ƙasar da gona ke cikin ruwa har gwiwa, mutane na shuka a duƙe kamar masu neman allura. Sau ɗaya tak na ga ya buɗe adakar nan gabana. Akwai lambobin girma uku da tsatsa ta fara ci, da littafin fansho naɗe cikin leda, da wata tsohuwar laya ta damtse wadda fatarta ta yi baƙi. Layar ya fi daɗewa yana kallo.

Abin da ya sa irinsu suka zama 'yan kasuwa ba boyayye ba ne. Sun dawo lokacin da gyada ke sarauta a ƙasar Magarya, ana auna ta a kai wa kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, daga baya SONARA da aka kafa a 1962. Tsohon soja yana jin Faransancin bariki, yana karanta lambar sikeli, ba ya rawar jiki gaban kumandan ko akawu. Uwa uba yana da abin da manomi ba shi da shi: kuɗin da ke zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Kuɗin ba su da yawa, amma kuɗi a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi bai nuna ba, sun fi ninkinsu a kaka. Da su yake sayen gero ya ajiye, da su yake ba da bashin iri. Baba Soja ba shi da littafin bashi, duk a ka yake riƙewa. Ba zan ce waliyyi ba ne. In ka ci tiya uku a watan bakwai, huɗu za ka mayar, kuma ba ya mantuwa. Amma ban taɓa jin ya kai wani ƙara gaban sarki ba, kuma gawar da ba ta da likkafani a unguwarmu daga rumfarsa alawayyo ke fitowa.

Fari na 1973 ya zo, cutar gyada ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Ya koma awon wake da riɗi, yana sayo gishiri da kananzir da atamfa ta Maigatari ranar Alhamis. A 1984 fari ya dawo, Najeriya ta rufe iyaka, yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari. A shekarar nan sikelin ya yi wata da watanni a rataye ba abin aunawa.

To ina fansho ɗin da ya kamata ya tsare shi? Nan ne maganar take. Ran 26 ga Disamba 1959, ana gab da ba mu 'yanci, majalisar Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da za su balle. Abin da kake karɓa a lokacin, shi za ka yi ta karɓa. Bafaranshen da kuka kwana rami ɗaya da shi nasa na hawa duk sa'ad da kaya suka yi tsada, naka yana nan inda aka bar shi. Shekara goma, ashirin, talatin, tazarar ta zama ninki-ba-ninki. In lokacin biya ya zagayo, Baba Soja yakan sa rigarsa ta shadda, ya maƙala lambobin, ya hau mota zuwa Damagaram. Wata rana ya dawo ya ce wa mahaifina, "Malam, kuɗin mota da na goro sun cinye rabin Aljeriya."

Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, wanda ya yi wa Faransa aiki daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara. Babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnati da jama'a a Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001. Ya rasu tun 1996. Kafin wannan hukunci, a 1998, Abdoulaye Ndiaye, na ƙarshe cikin sojojin yammacin Afirka da suka yi yaƙin 1914, ya cika yana da shekara 104 a ƙauyensu, a jajiberin ranar da za a zo a rataya masa lambar girma. Gyaran ya riƙa zuwa da cokali: kaɗan a 2002, wani bayan fim ɗin Indigènes na 2006 ya kunyata hukuma, sannan hukuncin kotun tsarin mulki na Mayun 2010 ya sa aka daidaita kowa daga 1 ga Janairu 2011. Ko shi ma sai wanda ya rubuta ya nema.

Ku lissafa da kanku, masu saurare. Saurayin da aka auna ƙirjinsa a 1950 yana ɗan shekara 20, a 2011 ya haura 80. A ƙasar da kai wa 60 ma sai an gode Allah, wannan shari'a ba mai lauya ne ya ci ta ba, wanda ajalinsa ya yi nisa ne. Hausawa na cewa in da rai da rabo. Ni dai a nan ina ganin an jinkirta rabon ne har rayukan suka ragu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka jure, Oumar Diémé ɗan Kasamans ta Senegal, tsohon sojan Indocin da Aljeriya, ya ɗauki wutar wasannin Olamfik a garin Bondi kusa da Faris a Yulin 2024, yana da shekara fiye da 90, lambobinsa a ƙirji.

Baba Soja ya riski ƙarin. Wani jikansa ɗan lakwal ya cika masa takardun, aka yi ta kai da kawowa, ranar da kuɗin suka fito idanunsa sun riga sun tafi, sai dai ya shafa takardun kuɗin da yatsa. Ya sa aka yi wa masallacin unguwa rufin kwano, ya saya wa jikan amalanke da sa. Damina biyu ya ƙara. Ran jana'izarsa wani tsoho da aka ɗauko a kan babur daga wajen Washa ya ce shi ne mutum na ƙarshe da ya kama da shi kafin a tafi da shi soja, kuma har gobe bai yarda an kayar da shi ba, santsin raɓa ne.

Sikelin yana nan a gindin gawon. Jikan ne ke awon riɗi da shi ranar kasuwa, ƙugiyar ta ɗan lanƙwashe, sai an buga mata yatsa kafin allurar ta tsaya.

 

[Kiɗan gangar kokawa]