Ƙananan Hukumomi da Shelar Ta-ɓacin Sauyin Yanayi

Ranar 5 ga Disamban 2016, kansilolin Darebin, wata ƙaramar hukuma a birnin Melbourne na Ostareliya, suka kaɗa ƙuri'a suka ayyana cewa ɗumamar duniya ta kai matsayin ta-ɓaci. Su ne na farko a duniya. Ba su da kujera a tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya; aikinsu kwashe shara ne da gyaran tituna da ba da izinin gini. Amma cikin 'yan shekaru, hukumomi fiye da 2,000, masu kula da mutane sama da biliyan ɗaya, sun bi sahunsu.

Abin da ya ba lamarin ƙaimi shi ne rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, a Oktoban 2018. Ya ce in ana son ƙarin zafin duniya ya tsaya a digiri 1.5, tilas a rage iskar kabon da kusan kashi 45 cikin ɗari nan da 2030, in aka kwatanta da ta 2010. Wata guda bayan haka, wata kansila mai suna Carla Denyer ta gabatar da ƙuduri a majalisar birnin Bristol na Ingila, aka amince, aka kuma sa 2030 ta zama wa'adin daina ƙara iskar kabon a birnin. Sai a Mayun 2019 majalisar dokokin Birtaniya ta yi tata shelar, ta Tarayyar Turai kuma a Nuwamba. Na ƙasa ne suka ja na sama.

Masu suka suna cewa faɗa ce kawai da baki, kuma suna da hujja. Shelar ba ta ƙara wa kansila iko, ba ta kawo sisin kwabo cikin baitulmali. To mene ne amfaninta?

Amsar tana ga inda hayaƙin ke fitowa. Kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan yanayi ya ƙiyasta a 2020 cewa abin da ƙananan hukumomi ke fitarwa da kansu bai wuce kashi 2 zuwa 5 na hayaƙin yankunansu ba, amma suna da ta cewa a kan kusan kashi ɗaya bisa uku. Su ke yanke inda za a gina gidaje, da ko mazauna za su sami bas ko sai kowa ya sayi mota. Su ke kula da juji, inda ruɓaɓɓen abinci ke fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba.

Inda aka haɗa shela da aiki, an gani a ƙasa. Tun 2012 birnin Nottingham ke karɓar haraji daga manyan ma'aikatu kan filayen ajiye motocin ma'aikatansu, yana zuba kuɗin a jirgin ƙasa na cikin gari. Ya yi shela, ya kuma sa wa kansa wa'adin 2028. Bristol ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanoni masu zaman kansu don ɗumama gidaje ba tare da dogaro da gas ba.

Sai dai alƙawari kaya ne. A 2023 Birmingham da Nottingham suka sanar cewa ba za su iya daidaita kasafin kuɗinsu ba, saboda matsalolin da ba su shafi yanayi ba. Hukumar da ke fama da kula da marayu da tsofaffi, da wuya ta sami rarar sayen bas mai lantarki.

Mu a nan Nijeriya, namu ta-ɓacin ya sha bamban. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, amma ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, kuma a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Tsarin mulki ya ɗora magudanan ruwa da kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi 774, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye.

Don haka darasin Darebin da Bristol ya shafe mu. Amfanin shela shi ne ta ba talaka abin da zai riƙe ciyaman da shi. Duk shugaban da ya ce yanayi ya ta'azzara, a tambaye shi magudanan da zai yashe kafin damina, da kuɗin da ya ware musu, da sunan jami'in da zai amsa tambaya in ruwa ya shiga gidajen mutane.