Linkin Park Bayan Chester: Abin Da Ya Raba Kan Masoya

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau Amurka za mu leƙa, wajen wata ƙungiyar mawaƙan rock mai suna Linkin Park. Na san wani zai ce ina ruwanmu da rock. To in kun kalli wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai ranar 31 ga Mayun 2025 a Munich, wanda PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema, mawaƙan da suka cashe a filin kafin a take leda su ne. In kuma kun taɓa kallon fim ɗin Transformers na farko ko na biyu, kun ji waƙarsu ko da ba ku san sunansu ba. A watan Nuwamban 2024 suka fitar da sabon albam mai suna From Zero, kuma tun kafin ya fito masoyansu suka dare gida-gida. Rigimar nan nake so mu warware, don akwai darasi a cikinta ga duk mai son wani mawaƙi kuma yake riƙe da waya.

Bari mu faro daga tushe. An kafa ƙungiyar a 1996 a jihar Kalifoniya, a lokacin sunanta Xero. Akwai Mike Shinoda mai gambara da tsara kiɗa, da Brad Delson mai jita, da Rob Bourdon mai ganga, sai Joe Hahn da Dave Farrell. A 1999 suka ɗauko wani saurayi daga jihar Arizona, Chester Bennington, ya zama babban mawaƙinsu. A Oktoban 2000 suka saki albam ɗinsu na farko, Hybrid Theory, wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. Salonsu shi ne haɗa jita mai ƙara da gambara: Mike ya zubo magana, Chester ya rera da murya mai taushi, can kuma sai ya kurma ihu kamar maƙogwaronsa zai tsage.

Abin da ya ɗaure mutane da su ya wuce kiɗa. Waƙoƙinsu na magana ne kan kaɗaici, da fushi, da jin cewa ba wanda ya fahimce ka a gida. Shi kansa Chester bai ɓoye tarihinsa ba. Ya sha faɗa a hira cewa an ci zarafinsa yana yaro, ya yi fama da shaye-shaye, ya yi fama da ciwon damuwa. Matasa da yawa a duniya sun ɗauke shi a matsayin mutumin da ke faɗin abin da su suka kasa furtawa. Ranar 20 ga Yulin 2017 Chester ya kashe kansa yana da shekara 41. Daga nan ƙungiyar ta tsaya cik, shekara bakwai ba sabon albam, sai tsofaffin waƙoƙi da aka riƙa tonowa daga ma'ajiya.

Ranar 5 ga Satumban 2024 suka dawo ta wani wasa da aka nuna kai tsaye a intanet, suka gabatar da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, wadda ta fito daga ƙungiyar Dead Sara. Mai ganga ma ya sauya, Colin Brittain ya maye gurbin Rob Bourdon da ya zaɓi ya janye. Brad Delson ya ce zai ci gaba da aiki a situdiyo amma ya daina bin su yawon wasa. Cikin kwana ɗaya intanet ta kama da wuta.

To ni a nawa karatun, abin da aka kira "fushin masoya" abubuwa uku ne aka zuba a tukunya ɗaya, kuma kowanne da irin amsar da ta dace da shi.

Na farko makoki ne. Akwai waɗanda suka ce Linkin Park ta mutu tare da Chester, in sauran suna son ci gaba su sauya suna. Ganin wata tana rera waƙar da suka saba ji a bakinsa ya yi musu kamar a shiga ɗakin mamaci a sa rigarsa. A nan har iyalinsa sun shigo. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya fito a Instagram ya zargi Mike Shinoda da ƙoƙarin shafe tarihin mahaifinsa. Mahaifiyar Chester kuma ta shaida wa mujallar Rolling Stone cewa ta ji kamar an ci amanarta, don ba a sanar da ita ba kafin duniya ta ji. Wannan ciwo ne na gaske, ba wanda ya isa ya ce wa uwa ta daina jin zafin ɗanta.

Sai dai ga wani abu da ya kamata masu wannan ra'ayi su sa a lissafi. Chester da kansa gurbin wani ya cike, domin kafin zuwansa Mark Wakefield ne mawaƙin Xero. Daga 2013 zuwa 2015 kuma ya tsaya a gaban ƙungiyar Stone Temple Pilots bayan sun rabu da mawaƙinsu Scott Weiland, yana rera waƙoƙin wancan. Ke nan shi bai ɗauki hawa kujerar wani a matsayin cin amana ba. A tarihin rock ma ba sabon abu ba ne. Mawaƙin AC/DC, Bon Scott, ya rasu a Fabrairun 1980, kuma a Yulin shekarar suka fitar da Back in Black da Brian Johnson, albam ɗin da ya shiga sahun waɗanda aka fi saya a duniya. Sannan sauran mutanen Linkin Park su ma sun rubuta waƙoƙin nan, sun zuba ƙuruciyarsu a ciki. Aboki suka rasa, aiki kuma ya tsaya musu shekara bakwai. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce na fi ba muhimmanci. Jim kaɗan bayan sanarwar, aka tono cewa Emily ta halarci wani zaman kotu a 2020 don nuna goyon baya ga ɗan fim Danny Masterson, wanda a 2023 aka same shi da laifin yi wa mata biyu fyaɗe, aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa rai da rai. An kuma danganta ta da ƙungiyar Scientology, wadda aka sani da adawa da likitocin ƙwaƙwalwa. Ku haɗa wannan da tarihin Chester, mutumin da aka ci zarafinsa yana yaro kuma ciwon damuwa ya yi ajalinsa, za ku gane dalilin da ya sa abin ya sosa rai. Washegari Emily ta fitar da bayani a Instagram. Ta ce an nemi ta mara wa wani da take ɗauka aboki baya a kotu, ta je zama ɗaya na farko-farko, daga baya ta gane bai kamata ta je ba, ba ta sake magana da shi ba, kuma ba ta goyon bayan cin zarafin mata. Bayanin bai taɓa batun Scientology ba. Wasu sun gamsu, wasu ba su gamsu ba. Ni dai a wurina wanda ya yi wannan tambayar bai yi laifi ba. Duk wanda zai tsaya a gaban dubban matasa masu rauni a zuciya, dole a iya tambayarsa ina ya tsaya lokacin da aka zalunci wasu.

Na uku kuwa, gaskiya, cin mutunci ne tsagwaronsa. Akwai waɗanda ba su saurari ko waƙa ɗaya ba, matsalarsu kawai mace ce ta riƙe makirfo. Suka riƙa yanko bidiyon inda muryarta ta ɗan kauce a wasan farko suna yaɗawa, ana zagi ana dariya. Mike Shinoda ya faɗa daga baya cewa wasu sun far mata ne don kawai ba namiji ba ce. Abin takaicin shi ne wannan kashi na uku ya fi kowa ƙara, don haka ya ɓata wa na biyu magana. Mai tambaya ta gaskiya sai a jefa shi cikin masu ƙin mata, mai ƙin mata kuma sai ya laɓe bayan shari'ar Masterson yana cewa shi adalci yake nema.

Yanzu mu zo kan albam ɗin kansa, don a cikin hayaniyar nan an kusa mantawa da shi. From Zero ya fito ranar 15 ga Nuwamban 2024, waƙa 11, tsawonsa ɗan sama da minti 30. Sunan na da fuska biyu: farawa daga sifili, da kuma tuna tsohon sunansu Xero. Wanda ya saurara zai ji sun bi ta kusan kowane zango na tarihinsu. Two Faced ta koma salon farkon shekarun 2000, Casualty ta fi sauran zafi da ihu, Over Each Other kuma Emily ce kaɗai ta ja ta, a natse. Heavy Is the Crown ita ce aka zaɓa waƙar gasar duniya ta wasan kwamfuta League of Legends ta 2024, kuma a cikinta Emily ta ja ihu na sama da sakan goma, abin da ya rufe bakin masu cewa maƙogwaronta ba zai ɗauka ba. A wajen wasa kuma an sauya ma'aunin sautin tsofaffin waƙoƙi da dama don su dace da muryarta, maimakon a tilasta mata kwaikwayon Chester.

A nan ma masu sauraro ba su haɗu ba. Wasu sun ce wannan shi ne Linkin Park ɗin da suka shekara da shekaru suna roƙo. Wasu sun ce an yi taka-tsantsan da yawa, an dafa abin da aka san zai shiga ne kawai, ba sabon ɗanɗano. Wannan gardama ce mai kyau, irin wadda ya kamata a yi kan kowace waƙa. Kasuwa dai ta karɓa: albam ɗin ya hau lamba ɗaya a Birtaniya da Jamus, ya zo na biyu a Amurka.

Amma ku tsaya ku ji wannan, don shi ne ya sa na ɗauko batun tun farko. A Mayun 2017, wata biyu kafin rasuwar Chester, Linkin Park ta fitar da One More Light. Albam ne mai sanyi, ya karkata ga pop, ba ihu ba jita mai ƙara. Masoya da yawa suka yi musu ca, suka ce sun sayar da kansu saboda kuɗi. Chester ya ji zafin zargin, ya mayar da martani cikin fushi a hirarraki, yana cewa mutane su daina maƙalewa a Hybrid Theory. A bikin Hellfest na Faransa, a watan Yunin shekarar, an yi musu ihu har aka jefe shi da wani abu yana kan dandamali. Ku fahimce ni da kyau fa, ban ce wannan ne ya kashe shi ba. Ciwon damuwa ya fi haka zurfi, kuma ya daɗe yana fama da shi. Abin da nake nunawa shi ne, bayan ya rasu sai aka koma ana sauraron albam ɗin nan ana kuka, ana cewa ashe mutumin yana faɗa mana halin da yake ciki. Waƙoƙin ba su sauya ba, harafi ɗaya ba a ƙara ba. Mai rerawa ne kawai ba ya nan.

Kun ga inda ƙungiyar ta tsinci kanta: gaba kura baya sayaki. Sun sauya salo an ce sun ci amana, sun koma tsohon salo an ce suna cin gadon mamaci. Dalili kuwa, abin da mai sauraro ke nema ba ya cikin situdiyo. Wanda ya fara jin su yana ɗan shekara 14, a ɗakinsa, ransa a ɓace, so yake a dawo masa da yadda ya ji a ranar. Ba mawaƙin da zai iya wannan, ko Chester ne ya dawo. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

To mene ne haƙƙin masoyi? Yana da ikon ya ce albam bai yi masa ba. Yana da ikon ya ƙi sayen tikiti, ya tsaya a kan tsofaffin waƙoƙi har abada, ba wanda ya goge su. Yana da ikon ya tambayi mawaƙi game da halinsa, ya kuma ce amsar ba ta gamsar da shi ba. Inda ikonsa ya ƙare shi ne ya ɗauka don ya so mutum ya mallake shi, ko ya yi amfani da sunan mamaci yana yi wa rayayye irin abin da aka yi wa mamacin yana raye. Wanda ya ce yana kare martabar Chester alhali yana cikin masu taron dangi a kan Emily, ya sake duba abin da ya faru a 2017.

Kuma wannan hali ba sai a Amurka ba. Duk wanda ke bin shafukan mawaƙa da 'yan fim ya san yadda ake yi: yau a ɗaga mutum sama, gobe ya fitar da abin da bai yi mana ba a yi masa rubdugu, ranar da ya faɗi kuma kowa ya sa hotonsa. Kafin ka tura sharhin nan, tambayi kanka a wane kashi kake cikin ukun nan. In makoki ne, faɗi cewa kewa kake. In tambaya ce, yi ta da hujja. In kuma ka duba ka ga na ukun ne, ajiye wayar ka sha ruwa.

Abu na ƙarshe. In kana cikin irin nauyin da waƙoƙin nan ke magana a kai, kada ka bar shi tsakaninka da abin sauraro a kunne. Samu wanda ka yarda da shi ka faɗa masa, ka kuma ga likita, ciwo ne kamar kowane ciwo kuma ana samun sauƙi.

Ku faɗa mana a ƙasa: in babban mawaƙi ya rasu, abokan aikinsa su ci gaba da sunan ko su ajiye shi? Waɗanda suka saurari From Zero kuma, wace waƙa ce ta fi zama muku?