Sinadaran 'Ya'yan Maraina: Abin da Gwajin Jini Ke Nunawa

'Ya'yan maraina na yin aiki iri biyu: samar da ƙwayoyin maniyyi, da sakin sinadaran homon cikin jini. Likita kan auna waɗannan sinadarai don sanin ko marainan na aiki, amma wanda za a auna ya danganta da shekarun majiyyaci.

Jariri da ƙaramin yaro

Testosteron kan tashi a watanni ukun farko bayan haihuwa, sannan ya sauka ƙasa sosai har zuwa balaga. Shi ya sa aunawarsa ga ɗan shekara biyar ba ya nuna komai. A nan AMH da inhibin B ne suka fi amfani. Idan ba a ji 'ya'yan maraina a jakarsu ba, samun AMH a jini na nuna cewa suna nan, sun maƙale ne a ciki.

Idan duka biyun ba sa taɓuwa a ranar haihuwa, a nemi likita nan take. Idan ɗaya ne, kuma bai sauko ba har wata shida, ana so a yi tiyata kafin wata 18.

Lokacin balaga

Yawancin samari kan fara balaga tsakanin shekara 9 zuwa 14, alamar farko kuwa ita ce girman maraina. Idan yaro ya kai 14 babu alama, akan auna testosteron tare da LH da FSH, waɗanda ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan LH da FSH sun yi yawa, matsalar a maraina take. Idan sun yi ƙasa, ko dai jinkirin gado ne, ko kuma saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isowa.

Magidanci mai neman haihuwa

Gwajin maniyyi ne farko. Idan ƙwayoyin sun yi kaɗan, FSH ya hau, inhibin B ya sauka, to masana'antar maniyyin ce ta raunana. Testosteron kuma da safe ake aunawa, sau biyu a ranaku daban.

Gargaɗi

Allurar testosteron na dakatar da samar da maniyyi. Mai neman haihuwa kada ya yi ta da sunan ƙarin kuzari. Idan kana yi, faɗa wa likita kafin a ɗebi jininka.