Bututun Shaƙar Iska Mai Sanyi: Ƙarfi Yake Ƙara Wa Mota Ko Ƙara Kawai?

Shirin yau na masu son mota ne, musamman matasan da ke kallon bidiyon motocin tsere a TikTok suna cewa "wallahi sai na saka wannan a tawa". Za mu yi magana kan bututun nan mai ƙyalli da ake ɗaura wa inji, mai matata kamar mazurari a bakinsa, wanda 'yan wasan mota ke kira kol-iya intek.

Inji numfashi yake yi kamar ni da kai. Kafin ya ƙona kilo 1 na fetur yadda ya kamata, sai ya shaƙi iska kusan kilo 14.7. Ita kuma iska, in ta yi sanyi takan cure, sai oksijin ya fi yawa a cikinta. Duk saukar zafi da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, nauyin iska na ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100. To aikin bututun ke nan: a cire akwatin iyakilina na kamfani, a miƙa bututu mai faɗi zuwa bayan bamba, nesa da zafin inji.

Amfaninsa akwai, ba a musu. Iska na shiga ba tare da yawan kwana-kwana ba. In ka taka totur, inji zai yi gurnani mai daɗin ji, domin an cire ɗan akwatin da kamfani ya sa don kashe ƙarar. Matatar auduga irin ta K&N kuma wanke ta ake yi a sake shafa mata mai, ba jefarwa ba.

Amma mu yi lissafi. Corolla mai inji 1.8 tana da ƙarfin doki kusan 130. Kashi 3 cikin 100 na wannan bai wuce doki 4 ba, shi ma sai ka kai injin ƙurewa. A gosulo ɗin cikin gari ba za ka ji bambanci ba. Sannan yawancin motocin zamani, akwatin kamfani dama daga waje yake jan iska. Zancen rage shan mai kuwa, a bar shi kawai: wanda kunnensa ya saba da gurnanin nan, ƙafarsa ba ta barin totur.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Na farko, ƙura. Takardar iyakilina ta kamfani ta fi matatar auduga tare ƙananan ƙwayoyin ƙasa. Ka tuna hazon hunturu da titunan unguwanninmu marasa kwalta. Ƙurar da ta wuce matata, cikin inji za ta zauna tana cin ringi da jikin silinda a hankali, har mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai.

Na biyu, ruwa. An saukar da bakin bututun ƙasa-ƙasa, kusa da taya. Ka shiga ruwan da ya kwanta a titi cikin Agusta, inji ya zuƙe shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka fistin na tasowa zai ci karo da shi, sandarsa ta lanƙwashe ko ta karye. Garin neman gira a rasa ido ke nan: doki 4 ka nema, ka koma neman kuɗin sabon inji.

Na uku, na'urar auna iska, wadda kanikawa ke ce wa iyafulo. In man matata ya yi yawa yakan ɓata ta, in faɗin bututu bai dace ba takan ba ƙwaƙwalwar mota lissafin ƙarya. Sai wutar cak-injin ta kama, mota ta riƙa jijjiga a tsaye.

Abin dariya ma, da yawa ba na gasken suke sakawa ba. Guntun bututu ne da matata a buɗe cikin bonet, yana shaƙar hucin inji. Wannan ai iska mai zafi ka saya da kuɗinka.

Shawara: in motar nan ita ce ta zuwa aiki da kai Hajiya asibiti, ka bar akwatin kamfani, ka riƙa canza iyakilina a kan lokaci, ka duba fulogi da iskar taya. In kuma ka nace, nemi wanda aka ƙera wa samfurin motarka, mai garkuwar tare zafi, ka ba ƙwararren bakanike, kar ka jefar da tsohon akwatin, kuma ka guji ruwan titi da damina.

Wanda ya taɓa sakawa, ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.