Kuɗin gyaran makarantu: Wa ke tuna iskar da yaran Maska ke shaƙa a aji?

Da zarar an gama girbin masara da ɗibar auduga a Maska da sauran garuruwan yankin Funtuwa da Malumfashi, sai hunturu ya kankama. Hazo ya lulluɓe gari, ga hayaƙin ƙonar daji. A wannan lokaci ne tari da mura ke yawaita a tsakanin ɗalibai, musamman a ajin da daɓensa ya farfashe, tagoginsa suka ɓalle, yara kuma suka cika maƙil.

Malami na tsaka mai wuya. In ya bar taga a buɗe, ƙura da sanyi su shigo. In ya toshe ta da kwali, yara su yi ta shaƙar numfashin juna.

Ba tari kaɗai ba ne abin tsoro

Jihar Katsina na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, wanda ya taso daga Senegal har zuwa Habasha. Busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma yana saurin yaɗa ƙwayar cutar. A annobar da ta fara daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta kai 2017, fiye da mutum 1,000 suka rasu a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Ina kuɗin suke?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Sai dai jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason, sannan hukumar SUBEB ta gudanar da ayyukan.

Akwai kuma shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2020. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko. Wani ɓangare na kuɗin yana zuwa kai tsaye ga makarantun sakandare, inda kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ke tsara abin da za a gyara. A kwamitin akwai iyaye da malamai da shugabannin al'umma.

Abin da iyaye za su nema

Idan aka zauna rabon kuɗin gyara, fenti da katanga ne ke fara zuwa a rai, domin su ido ke gani. Amma abin da ke kare ƙirjin yaro daban ne: daɓen siminti da za a iya gogewa da ruwa, tagogi masu fuskantar juna da ake iya buɗewa da rufewa, silin da zai rage zafin kwano a watan Afrilu, da ƙarin azuzuwa don rage cunkoso.

Wasu matakan ma ba sa buƙatar kwangila. A yayyafa ruwa kafin shara. A daina ƙona bola da leda a harabar makaranta. A nisanta murhun itacen masu sayar da abinci daga tagogi. A dasa darbejiya ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa.

Duk uban da ke da ɗa a makaranta yana da damar tambayar kwamitin nawa ya shigo da kuma abin da aka yi da shi. Gara a yi tambayar tun damina, kafin hazo ya dawo.