Takardar Tambayoyin da Ake Auna Ciwon Kafaɗa da Ita

'Yan'uwana ɗalibai, ku ɗaga hannu ku juya shi sama da ƙasa, gaba da baya. Duk jikin mutum babu gaɓar da ke juyawa kamar kafaɗa. Dalili kuwa shi ne kan ƙashin damtse mulmulalle ne, ramin da yake zaune a ciki kuma ba shi da zurfi, kamar an ɗora lemo a kan cokali. Jijiyoyi da tsoka ne ke riƙe da shi. Shi ya sa a cikin manyan gaɓoɓi kafaɗa ce ta fi yawan gocewa, musamman idan mutum ya faɗi a wajen ƙwallo ko kokawa.

Abin damuwar shi ne, kafaɗar da ta goce sau ɗaya takan sake gocewa, kuma hakan ya fi samun matasa irinmu. Wani ko bayan an mayar masa da ita, sai ya riƙa jin ta sako-sako, kamar za ta fice.

To, yaya likita zai san girman matsalar? Hoton ƙashi yana nuna ko ƙashin ya koma mazauninsa. Amma hoto ba ya nuna zafi, ba ya nuna tsoro, ba ya nuna cewa mutum ya kasa barci. Wannan sai mai jikin ya faɗa da bakinsa. Saboda haka masana suka tsara takardar tambayoyi da marar lafiya zai cike da kansa.

Ɗaya daga cikin sanannun takardun ita ce WOSI, wadda aka fitar a 1998 a Jami'ar Yammacin Ontariyo ta ƙasar Kanada. Tana da tambayoyi 21 a kashi 4:

1. Abin da ake ji a jiki, tambaya 10. Misali zafi idan an ɗaga hannu sama da kai, rashin ƙarfi, ko ƙarar da gaɓar ke yi.
2. Wasa da aiki, tambaya 4.
3. Zaman yau da kullum, tambaya 4. A nan ake tambayar barci da tsoron faɗuwa a kan kafaɗar.
4. Damuwar zuciya, tambaya 3. Misali fargabar kada ciwon ya ƙaru.

A ƙarƙashin kowace tambaya akwai layi mai tsawon santimita 10. Farkon layin yana nufin babu matsala, ƙarshensa kuma matsalar ta kai maƙura. Marar lafiya zai sa alama a inda ya ga ya dace da shi, sai a auna da rula a ba da maki daga 0 zuwa 100. Masu son lissafi, 21 sau 100 nawa ke nan? 2,100. Amma a wannan jarrabawar mai sifili shi ne ya zo na ɗaya, domin yawan maki yawan ciwo ne.

Akwai kuma wata da aka tsara a Oksfod ta Ingila a 1999, ita tambayoyinta 12 ne kawai.

Amfanin takardar ya fi fitowa idan an cike ta fiye da sau ɗaya. A ce wani ya samu 1,400 kafin a fara yi masa magani, bayan wata shida na motsa gaɓa ya samu 500. Likita zai ga an samu sauƙi. Idan makin bai sauka ba, sai ya canza dabara, wataƙila ma a yi maganar tiyata.

Sai dai takardar ba ta aiki sai da gaskiya. Wanda ya ɓoye ciwo don kada a cire shi daga wasan makaranta, kansa ya cuta, domin kowace gocewa tana iya ƙara lalata gaɓar. Idan kafaɗar abokinka ta goce a fili, kada ku taru kuna jan hannun. Ku tallafe shi, ku kira malami, a kai shi asibiti. Idan likita ya yi tambaya, a gaya masa yadda ake ji, ba ragi ba ƙari.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida