Sarari da Tsawon Layi a Littattafan Masu Fara Koyon Umarnin Kwamfuta



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne sararin da ake bari a farkon layi da ƙarshensa, da kuma iyakar tsawon layi, a cikin littattafan da ake rubuta wa masu fara koyon tsara umarnin kwamfuta. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mai fara koyo ba shi da wata hanya sai kwaikwayo. Kamar almajiri da allonsa, abin da malam ya rubuta masa shi zai bi, daidai ko kuskure. Sai dai almajiri yana da malam a kusa da shi, mai karanta littafi kuwa daga shi sai na'urarsa. In ya kwafi misali na'urar ta ƙi karɓa, ba zai zargi littafin ba. Kansa zai zarga, har ya ɗauka wannan ilmi ya fi ƙarfinsa, ya aje.

Bari mu fara da tsawon layi. A shekarar 1928 kamfanin IBM ya fito da kati mai gurbi 80, wanda ake hudawa, kowane gurbi harafi ɗaya. Da harshen FORTRAN ya fito a 1957, sai aka raba katin kashi-kashi: gurbi na 1 zuwa na 5 na lambar umarni, na 6 na alamar ci gaba daga katin baya, na 7 zuwa na 72 na umarnin kansa. Abin da ke gurbi na 73 zuwa na 80 na'ura ba ta kula shi. A nan ake sa lambar jeri, domin in katunan suka zube a iya mai da su yadda suke. Allunan kwamfuta da suka biyo baya, irin VT100 na 1978, su ma haruffa 80 suke nunawa a layi. Har yau ƙa'idar rubutun harshen Python, wadda ake kira PEP 8, ta shekarar 2001, tana ba da shawarar kada layin umarni ya wuce haruffa 79, layin bayani kuma kada ya wuce 72.

Kati ya daɗe da zama tarihi, amma shafin littafi yana da iyaka, balle fuskar wayar hannu, wadda a kanta ɗalibai da yawa ke karatu yanzu. In layi ya yi tsawo, shafin zai karya shi inda ya ga dama. Ɗalibi sai ya ga layi biyu, ya rubuta layi biyu, alhali kuwa a Python ƙarshen layi shi ne ƙarshen umarni. Saboda haka marubuci ne ya kamata ya karya layin da kansa, a inda harshen ya yarda, alal misali a cikin baka biyu.

Sai batun sararin farkon layi. A Python, yawan shigar layi ciki shi ke nuna ƙarƙashin wane sharaɗi yake. A ce ana bin sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, an ce in ɗalibi ya ci jarrabawa a buga sunansa, layi na gaba kuma ya ce a ƙirga shi. In wannan layi ya shiga ciki daidai da na samansa, waɗanda suka ci kaɗai za a ƙirga. In ya ja baya da sarari huɗu, kowa za a ƙirga, kuma na'ura ba za ta ce uffan ba. Bugu da ƙari, sararin maɓallin Tab da na dogon maɓallin ƙasa kamarsu ɗaya a ido, amma Python 3, wanda ya fito a 2008, yana ƙin rubutun da aka cakuɗa su ba bisa tsari ba.

Ko a harsunan da na'ura ba ta kula da sarari, idon mutum yana kula. A 2014 an gano wani layi da aka maimaita a cikin umarnin tsaro na kamfanin Apple, wanda aka rubuta da harshen C. Layin ya shiga ciki kamar yana ƙarƙashin sharaɗi, alhali kullum yake aiki, ya sa ana tsallake wani mataki na tantance shafukan intanet. In ƙwararru sun ruɗu, ina ga ɗan koyo?

Ƙarshen layi ma yana da nasa tarkon. A Python ana iya sa sanda mai karkata baya a ƙarshen layi don a nuna umarni bai ƙare ba. In sarari ɗaya tak ya biyo bayanta, na'ura za ta ƙi karɓa, ɗalibi kuwa ya yi ta duba shafin bai ga kome ba.

Shawarata ga mai rubuta irin waɗannan littattafai guda huɗu ce. Na farko, ya tsai da iyakar layi gwargwadon faɗin shafinsa, ya bi ta daga farko har ƙarshe. Na biyu, ya bi da misalansa ta manhajar gyaran tsari, irin Black ta Python ko gofmt ta harshen Go. Na uku, a buga misalai da haruffa masu faɗi ɗaya, yadda za a iya ƙirga sarari da ido. Na huɗu, bayan an gama tsara shafi, ya kwafo kowane misali daga shafin kansa ya gwada shi a na'ura, gama abin da ɗalibi zai yi ke nan. Tun a darasin farko kuma a faɗa wa ɗalibi cewa sarari ma harafi ne, yana da lambarsa a wurin na'ura, wato 32.